Ramammen Doki: Yadda Za A Mayar Masa Da Jiki

(Jawabin da sashen raya karkara ya gabatar a taron manoma na gunduma. Mun buga shi a nan domin ikilisiyoyin da ba su sami aiko da wakilai ba. Muna roƙo a karanta wa jama'a.)

 

Yau za mu yi magana a kan doki. Ba kowane gida ne yake da shi ba, amma gidan da yake da shi ya san amfaninsa. Shi ne mai jan amalanke zuwa kasuwa, a ƙasa mai yashi yakan yi huɗa, kuma idan rafi ya cika hanya ta yanke wa babur, a bayansa ake neman taimako ga mara lafiya. Doki ɗaya dukiyar shekaru ce. Duk da haka, kowace bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, sai mu ga dawaki a turke ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, wasu daga cikin waɗannan dawaki ba yunwa ce take ƙarasa su ba. Mai doki ne yake ganin halin da dabbarsa take ciki, tausayi ya kama shi, ya sayo dawa ya cika mata kwarya, bayan kwana 3 ko 4 ta faɗi. Saboda haka ga gindin maganarmu tun daga farko: dokin da ya yi watanni yana ramewa, watanni zai yi kafin ya murmure. Harawa ce a gaba, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Hatsi yana zuwa daga baya.

1. A fara da auna ramar

Ido yana ruɗi, musamman ga wanda yake ganin dokinsa kullum. Hannu ya fi faɗin gaskiya. Ku shafa wuyansa, da bayan kafaɗa, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da kuturi har gindin wutsiya, ku ji ko akwai nama tsakanin fata da ƙashi.

A shekarar 1983 wani masanin dawaki a jihar Texas ta Amurka, Don Henneke, ya tsara ma'auni mai mataki 9, kuma likitocin dabbobi suna amfani da shi har yau. Mataki na 1 shi ne dokin da ya zama fata da ƙashi, na 9 kuma wanda ƙiba ta yi wa yawa. Ga waɗanda suka shafe mu:

Mataki na 1 da na 2: ƙasusuwan baya, na ƙugu da haƙarƙari duk sun fito, wuya ya zama siriri, kusan babu nama. Wannan doki yana cikin haɗari.

Mataki na 3: ana ganin haƙarƙari sarai, ƙashin baya ya fito, amma akwai ɗan nama a kansa.

Mataki na 4: ana ganin alamar haƙarƙari kaɗan.

Mataki na 5: ba a ganin haƙarƙari da ido, amma hannu yana jin su da sauƙi, baya ya daidaita. Nan muke so dokin aiki ya kai.

Bayan wannan sai nauyi, gama da nauyi ake lissafin abinci da magani. Ba mu da sikelin da zai ɗauki doki, amma igiya da tef ɗin tela sun isa. A zagaya igiya a ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba inda majayi yake bi, a auna tsawon igiyar da tef a santimita. Sa'an nan a auna tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon jiki, a raba da 11,880. Misali, idan ƙirji ya ba da 155, tsawo ya ba da 145, to nauyin ya kusa kilo 290. Ɗalibin sakandare zai yi muku wannan lissafi a waya cikin minti ɗaya. Dawakinmu na nan ƙanana ne a kan na Turai, don haka za mu ɗauki doki mai kilo 300 ya zama misalinmu.

Ku ajiye wannan igiya. A ɗaura ƙulli a inda ta haɗu, a sake aunawa kowane mako biyu. Ita ce za ta nuna muku ko abincin yana shiga jiki.

2. Me ya ramar da shi?

Kafin a ƙara abinci a nemi dalili, in ba haka ba sai a yi ta zuba ruwa a tulu mai huji.

Ƙarancin abinci. Wannan ya fi yawa. Da rani ciyawar daji ta bushe ta zama kara, ƙarfinta ya tafi, wuta kuma ta cinye saura. Doki yana iya cika cikinsa da karan dawa ya ci gaba da ramewa. Haka kuma idan ana zuba masa abinci wuri ɗaya da shanu da awaki, ko da wani doki mai faɗa, rabonsa ba ya kai masa.

Haƙora. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan dukan rayuwarsa, tauna ce take cinye su. Idan ba su cinye daidai ba, sai gefensu ya yi kaifi ya riƙa yanka kumatu da harshe. Alamunsa: yana zubar da curin ciyawa da ya tauna rabi, yana karkata kai idan yana ci, bakinsa yana wari, kuma ana ganin ƙwayar hatsi ko dogayen zaren ciyawa a kashinsa. Likitan dabbobi yana da magogi da yake goge kaifin da shi. A wasu wurare idan doki ya ƙi ci sai a tsaga masa dasashin sama ko a ƙona shi da ƙarfe. Muna roƙo a bar wannan, gama ciwo ne ake ƙara wa bakin da dā ma yake ciwo.

Tsutsar ciki. Doki mai tsutsa cikinsa yakan yi girma alhali haƙarƙari suna waje, gashinsa ya tashi ya dushe, wani lokaci yana goga gindin wutsiya a jikin itace. Akwai magunguna irin su ivermectin da fenbendazole, ana ba da su bisa ga nauyi. Amma idan doki ya kai mataki na 1 ko na 2, kada a yi gaggawar ɗura masa. A bari ya ɗan sami ƙarfi, likita ya faɗi lokaci, domin tsutsotsi masu yawa idan suka mutu gaba ɗaya suna iya toshe hanji. A riƙa kwashe kashi daga barga aƙalla sau 2 a mako, gama ta nan ƙwayayen tsutsa suke komawa baki. Kashin kuma taki ne.

Cututtukan jini. Sammore, wanda tsando da wasu ƙudaje masu cizo suke yaɗawa, yana ramar da doki ko da yana ci. Akwai kuma cutar da kaska take kawowa. A ɗaga leɓensa a dubi dasashi, a dubi cikin fatar ido. Na lafiyayye ja-ja ne mai haske. Idan ya yi fari ko rawaya, ko ana ganin zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ko kumburi a ƙarƙashin ciki da ƙafafu, harawa kaɗai ba za ta warkar da shi ba. Sai an ɗebi jini an gwada. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da take Vom kusa da Jos, wadda ta fara aiki a 1924, tana da ƙananan ɗakunan gwaji a jihohi da dama, kuma likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya san inda zai aika. Kada a sayo allurar sammore ta shanu a kasuwa a yi wa doki da ka. Jikin doki ba ya jure wasu daga cikinsu kamar yadda na saniya yake jurewa.

Yawan aiki da ciwo. Gyambon sirdi, ciwon kofato, ko jan amalanke daga safe har dare duk suna cin jiki. Goɗiya mai shayarwa kuma tana bukatar abinci kusan ninki biyu na wadda take zaune, musamman a watanni 3 na farko bayan haihuwa.

Idan likita ya zo, a gaya masa gaskiyar abin da dokin yake ci da maganin da aka riga aka ba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

3. Cikin doki ba irin na saniya ba ne

Mu da muka saba da shanu da tumaki, nan ne muke yawan tuntuɓe. Saniya tana da babban tumbi, tana haɗiye abinci da yawa ta kwanta tana tuƙa. Tumbin doki ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, wato ko jarka ɗaya bai kai ba. Ba ya tuƙa, ba ya kuma iya amai. Abin da ya shiga sai ya bi ta baya. Idan aka sake shi a fili yakan yi awa 14 zuwa 16 a yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Haka aka halicce shi.

A babban hanjinsa na baya ne ake narkar da ciyawa, kuma waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke wannan aiki. Idan aka ba shi hatsi mai yawa a lokaci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sai saura ya wuce baya ya yi tsami. Tsamin nan yana kashe halittun masu amfani, ya kawo kumburi, ciwon ciki da zawo. Gubar da ta fito kuma tana iya sauka ga kofato, ya yi zafi, doki ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba ya kasa takawa. Wanda wannan ciwon kofato ya kama da ƙarfi, sau da yawa ba ya komawa aiki.

Daga nan ne dokoki biyu suka fito. Ta farko, a ba shi kaɗan sau da yawa. Ta biyu, duk sabon abinci a shigar da shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 14, ko da ɗanyar ciyawar farkon damina ce.

4. Dokin da ya kai mataki na 1 ko na 2

Ku ba mu kunnuwanku sosai a nan. Dokin da ya daɗe cikin yunwa jikinsa ya riga ya cinye kitsensa, ya shiga cin namansa, kuma wasu sinadarai da zuciya take aiki da su sun yi ƙasa. Idan aka ba shi hatsi farat ɗaya, sukari ya hau a jini, sai ɗan abin da ya rage na sinadaran nan ya bar jini ya shige cikin tsoka. Zuciya da numfashi su kasa. Yakan faru tsakanin kwana 3 zuwa 5 da fara ciyarwa, daidai lokacin da mai doki yake murna ya ga dabbarsa tana ci. Ma'aikatan asibiti sun san irin wannan a wurin yaran da tamowa ta kama, shi ya sa ba a fara su da tuwo.

Masana a Jami'ar Kalifoniya da take garin Davis sun gwada abinci iri-iri a kan dawakin da yunwa ta gallaba, suka buga sakamakon a 1998. Abin da ya fi dacewa shi ne busasshen ganyen alfalfa, wata shuka dangin wake da gyaɗa. Ba mu saba noma alfalfa a nan ba, amma harawar wake da ta gyaɗa su ne mafi kusa da ita a cikin abin da muke da shi. Tsarin da suka bayar na manyan dawaki ne, mun rage shi daidai da doki mai kilo 300:

Kwana na 1 zuwa na 3: harawa mai ganye, kimanin sulusin kilo, kowace awa 4, dare da rana. Sau 6 ke nan. Zai cinye ya dube ku yana neman ƙari. Ku daure.

Kwana na 4 zuwa na 10: a riƙa ƙarawa kaɗan kowace rana ana rage yawan lokutan, har ya kai kimanin kilo ɗaya da kwata sau 3 a yini.

Daga kwana na 10: a ba shi harawa da busasshiyar ciyawa iyakar abin da zai ci.

A duk wannan lokaci babu hatsi, babu dusa, babu ƙuli-ƙuli, babu mai. A kaɗe harawar, a tsince wake ko gyaɗar da ta maƙale a ciki. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa. A ajiye shi a inuwa, a shimfiɗa masa ciyawa mai kauri domin ƙasusuwansa kada su ji masa ciwo idan ya kwanta, da hunturu kuma a rufa masa buhu ko tsohon bargo da dare. Ba a hawansa, ba a ɗaura masa kaya. Aikin tashi da dare yana da wuya ga mutum ɗaya, sai 'yan gida su raba shi tsakaninsu. Hatsi sai bayan mako 3 ko fiye, lokacin da yake tsayuwa da ƙarfinsa kuma kashinsa ya daidaita.

5. Dokin da yake mataki na 3 ko na 4

Wannan shi ne wanda muka fi gani. Ƙa'idar ita ce, doki yana bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana domin ya tsaya yadda yake. Domin ya ƙara jiki sai a kai kashi 2 da rabi. Ga mai kilo 300, kilo 6 ke nan na tsayawa, kilo 7 da rabi na ƙaruwa. Ɗanyar ciyawa mafi yawanta ruwa ne, don haka da damina nauyin da zai ci ya ninka wannan sau 3 ko 4.

Dami da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ku kai daminku da kwanonku wurin mai sikeli sau ɗaya a auna muku, daga nan kun san awonku.

Harawa ita ce uwar abincin. A zaɓi wadda take da ganye, mai launin kore-kore da ƙamshi. Wadda ta yi baƙi ko fari-fari na fumfuna a zubar. Kowar wake ma tana da kyau. A haɗa da busasshiyar ciyawa mai laushi wadda aka yanka tun tana ɗanya, irin su harƙiya, kyasuwa da kiri-kiri. Karan dawa da na masara na cika ciki ne da rage zaman banza, kada a lissafa su cikin abincin ƙara jiki.

Dusa tana da amfani, kuma iyayenmu sun daɗe suna ba dawaki. Sai dai tana da ƙarancin sinadarin da yake gina ƙashi, tana kuma da yawan wani da yake hana jiki ɗaukarsa. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi da dusa da hatsi ba harawa, ƙasusuwan fuskarsa sukan kumbura, ya riƙa ɗingishi. Harawa tana da wadatar sinadarin ƙashi, saboda haka kullum su tafi tare. A yayyafa wa dusa ruwa kafin a ba shi, don kada ta shaƙe shi.

Gero, dawa da masara suna ba da ƙarfi. A ɓarza su, musamman dawa, gama ƙwayarta ƙarama ce mai tauri, takan wuce ba a tauna ba. Idan jiƙawa za a yi, a ba shi kafin ta yi tsami. A fara da cikin tafin hannu biyu. Ga doki mai kilo 300, kada dusa da hatsi a haɗe su wuce kilo ɗaya a ci guda.

Ga misalin abincin yini, bayan an kai shi a hankali cikin mako 2:

Da asuba: ruwa, sai harawa kilo ɗaya da rabi.
Da hantsi: dusa rabin kilo da ɓarzajjen hatsi kwatan kilo.
Da rana: busasshiyar ciyawa kilo ɗaya da rabi, a inuwa.
Da la'asar: dusa rabin kilo da ɓarzajjen hatsi kwatan kilo.
Da dare: harawa kilo ɗaya da rabi da ciyawa kilo ɗaya da rabi.

Wanda yake da hali zai iya ƙara man gyaɗa ko man waken soya a cikin dusar. Mai ya fi hatsi ƙarfi fiye da ninki biyu, kuma ba ya yin tsami a hanji. A fara da cokali 2, a riƙa ƙarawa har gwangwanin madara ɗaya a yini. Idan kashi ya yi laushi a rage. Mun san man da ake miya da shi ke nan, don haka ba dole ba ne.

Gishiri kimanin cokali 2 a yini, a cikin dusa, ko a ajiye masa dutsen lasa. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kuma idan ta yi yawa tana sa zawo. A ba da ita 'yar kaɗan, jefi-jefi.

Ruwa: lita 20 zuwa 40 a yini, da zafin bazara ko ga goɗiya mai shayarwa ya fi haka. Jarka ɗaya zuwa biyu ke nan. Doki mai ƙishi ba ya cin busasshen abinci, wanda ya ci kuma yana iya toshe masa hanji. Idan ba za a bar ruwa a gabansa ba, a shayar da shi aƙalla sau 4.

Kada a zuba abinci a ƙasa. Doki yana haɗiye yashi tare da shi, yashin ya taru a hanji ya kawo zawo da ciwon ciki. Rabin duro, tsohon kwano mai faɗi ko buhu da aka shimfiɗa sun isa. Tsohon doki da haƙoransa suka ƙare, a yayyanka masa harawa a jiƙa ta yi laushi.

Masu jaki kuma, kada ku ɗauki wannan awo ku ba jakinku. Bukatarsa ba ta kai ta doki ba, harawa kaɗan da ciyawa sun ishe shi. Amma jakin da ya daina ci gaba ɗaya yana cikin haɗari ƙwarai, a nemi likita ranar.

6. Abin da ba za a ba doki ba

Abincin kaji na buhu. Wasu suna ɗauke da maganin da yake kare kaji daga zawon jini, wanda kaɗan daga cikinsa yake lalata zuciyar doki.

Masara, gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna. Gubar ruɓaɓɓiyar masara tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa tangaɗi yana zagaye, kuma ba ta da magani. Abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba, kada ku ba shi.

Ɗanyar dawa ƙarama da gyauronta, da ɗanyen ɓawon rogo.

Abincin shanu da aka haɗa da takin yuriya.

A kuma duba ciyawar da yara suka yanko, kada a sami zurma, zaƙami ko tumfafiya a ciki. Lafiyayyen doki yakan kauce musu, mayunwaci kuwa ba ya zaɓe.

7. Lokacin da za a kira likita ba jinkiri

Idan doki ya ƙi ci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana kwanciya yana birgima, ko ya yi rabin yini bai yi kashi ba, ciwon ciki ne. A ɗauke abinci, a bar ruwa, a aika a kira likita. Haka ma idan kofato ya yi zafi, ko zawo ya tsinke, ko ya kwanta ya kasa tashi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, numfashinsa kuma 8 zuwa 16 a minti idan yana hutawa. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta hanci, ko a ɗaga kansa sama a ɗura da ƙarfi, domin yana iya wucewa huhu.

8. Yaushe zai koma aiki?

Wani zai ce, malam, damina ta kusa, ba ni da wata dabba. Mun gane wannan. Amma ku duba lissafin. A babban doki, hawa mataki ɗaya a ma'aunin nan yana bukatar ƙarin kilo 16 zuwa 20, kuma yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu. Wanda ya kai fata da ƙashi yana bukatar wata 3 zuwa 5 kafin ya koma yadda yake. Abin da za ku fara gani shi ne idonsa ya washe, kunnuwa sun miƙe, gashi ya fara sheƙi. Nama yana biyo baya.

Mai mataki na 3 a riƙa jansa da ragama yana tafiya kaɗan safe da yamma. Idan ya kai na 4 ya fara ƙaramin aiki da sanyin safiya, da rabin kayan da ya saba. Cikakken aiki sai a na 5. Sirdi a kan bayan da ba nama gyambo yake haifarwa, gyambon kuma ya sake mayar da shi turke. Gara a yi aron dabbar maƙwabci na mako biyu da a rasa doki ɗungum. Sannu ba ta hana zuwa.

9. Maganin ramar bazara yana cikin kaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Disamba zuwa Mayu kimanin kwana 180 ne. Kilo 6 sau 180 ya ba da kilo 1,080. Idan rabi harawa ce, doki ɗaya yana bukatar wajen kilo 540 na harawa da kilo 540 na ciyawa. Yawancinmu muna sayar da harawa da kaka tana araha, mu dawo muna nemanta da bazara ta yi tsada.

Shawararmu ke nan. A cire rabon dabbobin gida kafin a sayar da dami ko ɗaya. A tattara harawa tun ganyen bai kaɗe ba, a ɗaure da safe da sauran laima don kada ya karkaɗe. A ajiye a kan rumfa ko dandamali, nesa da ƙasa da gara, a rufe saman daga rana da ruwan farko. A yanki ciyawa a ƙarshen damina tun ba ta tsufa ba, a shanya, a killace kafin a fara ƙunar daji. Akwai kuma irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, wanda cibiyar IITA ta yi aiki a kansa a tasharta ta Kano. Ku tambayi malamin gona.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, ƙungiya tana iyawa. Masu dawaki da jakuna na ƙauye ɗaya za su iya haɗa kuɗin mota su gayyato likita rana ɗaya, ya duba haƙora, ya ba da maganin tsutsa, ya ɗebi jinin waɗanda ake shakka. Watan Nuwamba ko Disamba ya fi dacewa, tun dabbobi suna da jiki. Matasa kuma za su iya gina rumbun harawa na haɗin gwiwa, a riƙa ba gwauraye da tsofaffi rance da bazara su biya da kaka.

Muna roƙon wakilan kowace ikilisiya, idan kun koma gida, ku zagaya da igiya da tef ku auna dawakin ƙauyenku, ku rubuta matakin kowanne. Wanda kuka samu a mataki na 1 ko na 2, ku hana a ba shi hatsi, ku fara shi da harawa yadda muka bayyana, ku aiko mana da saƙo a makon. Sauran kuma ku kawo takardar a taro mai zuwa mu duba tare.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.  Shugaba, idan akwai masu tambaya, muna nan.